Karafan ɗin Babanmu da Injin Alhazai

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu aikin da zai gagare ni in dai akwai bidiyonsa a waya, na taɓa farke cikin motar mahaifina a bakin titi, a gaban mahaifiyata da rabin mutanen unguwarmu. Har yau in na bi ta layinmu a unguwar Rusaifa, nan Makka, akwai dattawan da ke gaishe ni da "Injiniya", kuma na san ba don girmamawa suke faɗa ba.

Bari in fara gaya muku irin motar. Karafan ce, wato motar nan mai ɗaki a cikinta, da gado, da ɗan kicin, da banɗakin da sai ka shiga da baya, har da labule. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya saye ta a Jidda a hannun wani Bature da ya gama aiki zai koma ƙasarsu, tun ina firamare. Dalilinsa guda ne. Shi da mahaifiyata duk ta ƙasa suka zo Makka, ta Chadi da Sudan, shi yana saurayi, ita kuma tana yarinya a bayan babbar mota tare da iyayenta. Sai ya ƙudurta a ransa cewa ta hanyar da ya zo ta nan zai koma ya ga Kano, amma wannan karon a miƙe a kan katifarsa.

Bai je ba. Motar shan fetur take kamar an aiko ta, daga Jidda zuwa Makka kaɗai ta sha abin da ya sa ya yi shiru har washegari. Ga shago, ga mu yara, ga hidimar baƙi duk shekara. Ya ajiye ta a ƙofar gida da niyyar baɗi, baɗi ta zama wata baɗin, har injin ya kwanta bai sake tashi ba.

Amma fa ba zaman banza ta yi ba. Kullum bayan la'asar mahaifina zai hau kujerar direba, mahaifiyata ta hau ta gefensa. A tsakanin kujerun nan biyu akwai murfin inji, wani ɗan tudu mai faɗi da aka lulluɓe da kafet, don irin waɗannan motoci injinsu a cikin ɗaki yake. A kansa take ɗora tiren shayi. Shi zai kama sitiyari da hannu ɗaya, kofi a ɗaya hannun, ita kuma ta ce, "Malam, yanzu ina muka kai?" Ya ce, "Mun sauka daga jirgin ruwa, ga Bur Sudan nan." Can an jima ta sake tambaya, ya ambaci wani garin. Mu kuwa haifaffun Makka, da Larabci ya fi mana sauƙi a baki, muna bayan labule muna toshe baki don dariya. Sunayen garuruwan nan a kunnenmu kamar sunayen magunguna suke.

Bayan rasuwarsa mahaifiyata ta ci gaba da shiga motar kullum la'asar. Ta shimfiɗa dardumarsa a kan kujerar direba, ba wanda ya isa ya zauna a kai, ko jikokinta da take ji da su. Ni dai na ɗauke shi sabo ne irin na tsofaffi, ban taɓa tsayawa na duba ba, don la'asar a wurin aiki take samuna.

Wata safiya na fito na tarar an manna wata jar takarda a gilashin motar. Ma'aikatan baladiyya ne, masu kula da tsaftar gari. Ban ga laifinsu ba, don tayoyin sun zauna daɓas, ƙura ta yi mata riga, kuliyoyin unguwa kuma sun mayar da ƙarƙashinta asibitin haihuwa. Na shiga gida na sami mahaifiyata tana tsince shinkafa.

Na ce, "Umma, baladiyya sun ce motar Baba ta zama yasasshiya. In ba a kawar da ita daga kan titi ba za su zo da sataha su ɗauke ta."

"Mece ce kuma sataha?"

"Motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya, da ake ɗora matattun motoci a kai."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "To ka gaya musu su zo da babba, don da ni za su ɗora."

Wanda ya san mahaifiyata ya san ba ta barazana. Hankalina ya tashi, na tafi wurin wani abokina a unguwar Misfala. Tare muka tashi da shi. In lokacin aikin Hajji ya zo direban bas ne, sauran watannin shekara kuma masani ne a kan komai, daga ciwon suga har siyasar duniya. Ya zo ya zaga motar, ya buga taya da ƙafa, ya ɗaga murfin injin ya leƙa, ya girgiza kai kamar likita.

"Ya shehi, wannan makinar, injin nan nake nufi, ta yi sallama. Ko kayanta ba za ka samu ba, masu ƙera su ma sun mutu. Amma abu mai sauƙi ne. A cire ta a sa dizal."

"Dizal a motar fetur?"

"Me ya rage? Inji ai inji ne. Dizal ba ya shan mai, ba ya tari, ba ya gajiya. Akwai wata ƙaramar bas a tashlih, ta baya aka buge ta, gabanta lafiya lau. Mu ɗauko injin da giyarsa, mu zura, halas, shi ke nan. In baladiyya suka dawo suka ga mota tana numfashi, da kansu za su ɓare takardar."

Tashlih shi ne inda ake tara motocin da suka gama yayi ana sayar da sassansu. Mai hankali da sai ya fara zuwa ofishin baladiyya ya tambayi me suke so a yi. Ni kuwa gida na koma na kalli bidiyon wasu Turawa masu gemu suna irin wannan aikin, suna yi suna dariya, kafin shayina ya huce sun gama. Na kira abokina na ce a ɗauko inji.

Ranar da aka kawo shi, baƙi ƙirin, yana ɗigar mai, mahaifiyata ta fito da mayafinta ta tsaya tana kallo.

"Wannan daga ina aka kwaso shi?"

Abokina ya rusuna ya ce, "Hajiya, daga bas ɗin alhazai ne. Shekara da shekaru yana jigila, Aziziyya zuwa Mina, Mina zuwa Arfa, Arfa zuwa Muzdalifa."

Ta ce, "Ashe Alhaji ne. To ku sauke shi a hankali, ya fi ku zuwa Arfa."

Tun daga ranar sunan ya bi shi. In na shigo gida sai ta ce, "Yaya jikin Alhaji?" Maƙwabta ma suka ɗauka.

Da yake ta hana a ɗora motar a sataha ko zuwa gareji ne, a nan ƙofar gida muka buɗe aiki. Muka ɗauko wani mai walda da injin ɗaga kaya. A bidiyo ba su gaya mini cewa tsohon injin ta cikin ɗaki zai fito ba, ta ƙofar gefe, ya wuce ta gaban kicin. Ba su kuma gaya mini cewa za a yi aikin da uwar mutum a zaune a wurin ba. La'asar na yi za ta fito da tirenta, ta hau kujerarta, ta ɗora tiren a cinya tunda mun cire mata tebur, mu kuma muna durƙushe a ƙafafunta cikin baƙin mai.

"Umma, ɗan ɗaga ƙafa."

"Ban ɗagawa. Ku bi ta wancan gefen."

Dattawan layinmu kuma suka jawo benci suka kafa majalisa daidai bayan motar. Wanda bai taɓa riƙe sifana ba shi ya fi kowa ba da shawara. Wannan ya ce a ɗaure da sarƙa, wancan ya ce a zamaninsu da igiya ake yi, wani ya yi ta Larabci, wani ya mayar masa da Hausa, mai walda kuma yana gunaguni da yarensu shi kaɗai.

Muna cikin wannan hali, tsohon inji a kwance a bakin titi, sabon a rataye a sama, mai ya malale har kwata, sai ga wani ma'aikacin baladiyya ya zo. Mutum ne mai natsuwa. Ya yi sallama, ya dubi titi, ya dubi injin da ke lilo, ya dube ni. Na miƙe ina goge hannu, ina murmushi, na fara yi masa bayanin yadda nan ba da jimawa ba mota za ta tashi.

Ya bari na gama, sannan ya tambaye ni da Larabci, "Wancan filin na gefen gida na wane ne?"

Na ce namu ne.

Ya ce, "To wa ya ce ku canja inji? Mu abin da ya dame mu titi ne. Da kun hura tayoyin, kun tara matasa sun tura ta cikin filinku, shi ke nan ruwanmu ya fita."

Dattawan benci suka dubi juna. Wani daga cikin dattawan ya yi gyaran murya, wani ya ce, "Ai na faɗa," alhali bai taɓa faɗa ba. Na juya neman abokina, sai na ga ya shige ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ma'aikacin ya ce ya ba mu zuwa ƙarshen wata a share titin, in ba haka ba dole ya yi aikinsa, ya yi sallama ya tafi.

Mahaifiyata tana jin Larabci sarai, ta dai fi son ta nuna ba ta ji in abin bai yi mata ba. Wannan karon ta ji. Ta zuba mini ido ta taga, ni kuwa na yi tsuru-tsuru. Sai na ce, "Umma, to ai abin ya zo da sauƙi. Gobe in tara yara mu tura ta."

"Ku tura ta?"

"E, ga filin nan, ba nisa."

"Ka farke mata ciki a gaban jama'a, sannan ka tura ta kamar gawa? A'a, ɗan nan. Tunda ka fara sai ka gama. Da ƙafarta za ta shiga filin nan, ko kuwa sataha ta zo ta same mu."

Haka muka koma bakin aiki, yanzu kuma da wa'adi a wuyanmu. Muka wanke tankin mai, muka canja tayoyi, mai walda ya ƙera wa Alhaji ƙafafun zama, ya dasa feda ta uku don kuloci, tunda giyar bas ta hannu ce. Kwanakin da za a yi walda a cikin ɗaki na lallaɓa mahaifiyata ta tafi gidan ƙanwata a Aziziyya saboda tartsatsin wuta. Ta tafi ne tana waiwaye.

A nan muka gano cewa Alhaji dogo ne. Tsohon injin gajere ne mai faɗi, wannan kuwa a tsaye yake ƙiƙam, kansa ya zarce ramin sosai, tsohon murfin ya ƙi rufuwa. Mai walda ya ce ba damuwa, ya ƙera sabon murfi, akwatin ƙarfe guda, sandar giya ta fito ta gefensa. Ni da kaina na je kasuwa na sayo kafet mai kyau na lulluɓe shi. Na tsaya ina kallon aikina, har hoto na ɗauka.

Mahaifiyata ta dawo. La'asar ta yi, ta fito da tirenta, ta hau kujera. Ita ba doguwa ba ce, kujerar kuma ta lotsa da shekaru. Ta juya hagu, wajen kujerar direba, ba ta ga komai ba sai kafet.

"Wannan mene ne?"

"Murfin inji ne, Umma. Kin ga har ya fi na da faɗi, tire biyu ma zai ɗauka."

"Ni na ce maka tire biyu nake nema? Ka gina mini katanga tsakanina da babanku."

Abokina ya fara dariya, da ya ga fuskarta ya mayar da ita tari.

Ta ce, "Ta ina zan miƙa shayin?"

Sai a lokacin na lura kofi biyu ne a tirenta. Ashe tun rasuwarsa kullum biyu take zubawa. Ta ajiye ɗaya a gefensa na murfin, ta sha nata tana kallon kujerar, in ta gama ta ɗauki na biyun ta miƙa ta taga ga duk wanda ya zo wucewa, yawanci mai sharar layinmu, ta ce sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin Malam. Gida ɗaya muke kwana da ita, ban sani ba. Tausayinta ya kama ni sosai, kuma na ji haushin kafet ɗin nan da nake ta alfahari da shi.

Muka koma gefe muka yi shawara. Mai walda ya ce murfin ba zai sauka ba sai dai a yanke kan inji. Abokina ya shafa gemu ya ce, "To ai hanya biyu ce. Ko a rage Alhaji, ko a ƙara Hajiya."

Hajiya aka ƙara. Aka kwance kujerarta aka yi mata dogayen ƙafafu na ƙarfe, aka yi mata matakala ta katako da za ta taka ta hau, ta kuma ɗora ƙafa a kai. Da ta hau, kanta ya kusa taɓa rufi. Ta gyara mayafi, ta juya hagu, ta leƙa ta saman katangar, ga dardumar mahaifina can ƙasa. Muka zuba mata ido.

Ta ce, "Hm. Tsawon zamanmu shi ke kallona daga sama. Yau ni ce a sama." Ta ɗora tirenta a kan murfin.

Ranar tayar da mota ta zo wata na gab da ƙarewa. Labari ya bazu, majalisar dattawa ta cika har da baƙi daga wasu layuka, mata suna leƙe ta tagogi. Mahaifiyata ta hau kujerarta da sabon mayafi, ta turara ɗakin da turaren wuta don warin dizal, ta ajiye buta da kofuna. Abokina ya naɗe hannun riga, ya zo zai ɗaga dardumar nan ya zauna, tunda shi ne direba.

"Ajiye," in ji ta.

"Hajiya, ai sai an zauna za a tuƙa."

"Na sani. Ba kujerarka ba ce." Ta juyo ta dube ni. "Kai, zo ka zauna."

Jama'a, ni ɗan otomatik ne. Tun da na koyi mota ban taɓa taka kuloci ba, kuma mafi girman abin da na taɓa tuƙawa ita ce ƙaramar motata ta zuwa aiki. Na buɗe baki zan yi bayani, ta ninke dardumar da hannunta ta ɗora a cinya. Na zauna. Kujerar ta lotsa daidai jikin mahaifina, ni kuma na fi shi ƙiba, sai na ji kamar na ari takalminsa.

Abokina ya tsaya a bayana ya dafa kafaɗata. "Taka kuloci har ƙasa. Yi bismilla. Murɗa."

Na murɗa. Alhaji ya yi tari, ya sake yi, sannan ya tashi da wata irin ƙara da ta sa kuliyoyin ƙarƙashin mota suka watse kowace ta kama gabanta. A daidai lokacin duk ƙwayayen fitilar cikin ɗakin suka fashe, tau, tau, tau, ƙaramar fankar kicin ta yi wani gudu da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, ta fara hayaƙi. Ashe abokina batir biyu na bas ya haɗa, ya manta fitilun ɗakin ƙarfin batir ɗaya suka sani.

"Ba komai! Ba komai!" yake ta ihu. "Da ma sun tsufa!"

Salansa kuwa, ba wanda ya lura cewa bakinta na kallon bencin majalisa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe dattawan nan, kowa ya kwashi takalmi da carbi. Wanda ya ce a zamaninsu da igiya ake yi, shi ya riga kowa kaiwa ƙarshen layi.

Na saki kuloci, mota ta yi tsalle ta mutu. Na sake tayarwa, ta sake tsalle. Kofuna suna ta rawa a kan tire, mahaifiyata ta dafe su da hannu ɗaya, ko gezau. Abokina yana kunnena, "Shwayya shwayya, ya shehi! A hankali! Ba kunama ka taka ba!" Can dai Allah ya taimake ni, na ji ta motsa. Karafan ɗin da tun ina yaro ban ga ta gusa ba, ga ta tana tafiya. Mata suka rangaɗa guɗa daga tagogi.

Filin yana nan hannun dama. Na fara karya sitiyari, sai na ji muryarta daga sama.

"Miƙe."

"Umma, ga filin nan."

"Na gan shi. Miƙe."

"Motar nan ba a yi mata binciken lafiya ba, ba ta da izinin hawa babban titi."

"Na ce maka babban titi? Zaga mana unguwa."

Na miƙe. Tafiya muke kamar muna bin jana'iza. Wani mai tura kurar tukwanen gas ya zo ya wuce mu, har ya ɗaga hannu ya gaishe da Hajiya. Abokina ya leƙa ta taga yana gaya wa mutane cewa Alhaji tafiyar Mina ya saba, cunkoso ya horar da shi. Gaskiyar magana ni ne na kasa gano inda giya ta biyu take.

Ina fama da sitiyari da hannu biyu, gumi har cikin ido, sai na ga hannu ya zuro ta saman katanga da kofin shayi.

"Karɓi."

"Umma, zan kashe mu."

"Babanku da hannu ɗaya yake tuƙi."

"Umma, Baba motarsa a tsaye take!"

"Karɓi, na ce."

Na karɓa. Rabi ya zube mini a cinya, na kurɓi sauran. Muka ci gaba da tafiya, Alhaji yana ƙara, tire yana ƙara. Sannan ta yi gyaran murya, ta ce, "To, yanzu ina muka kai?"

Na duba ta gilashi na ce, "Gaban shagon mai gurasa."

Ta yi tsaki mai tsawo. "Kai dai an yi asarar kuɗin makaranta. Babanku da mataccen inji, kafin shayi ya huce ya kai ni Abeshe. Kai ga inji, ga dizal, ga Alhaji guda, ka kai ni wurin mai gurasa?"

Abokina ya zube a kan gado yana dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don sai a lokacin na gane dalilin da ta ɗaga dardumar: mai amsa mata ina aka kai take nema. Na ce, "Umma, ban san hanyar ba."

Ta ce, "Na sani. Da kuna bayan labule kuna dariya ai ina jin ku. Ka ce Jidda."

Na ce Jidda.

"Mun shiga jirgin ruwa. Ka ce Bur Sudan."

Haka muka zaga Rusaifa a giya ta ɗaya, tana faɗa ina maimaitawa. A kwanar masallaci muka wuce Hartum. Wajen makarantar 'yan mata muka shiga Fashir, ta ce a nan ƙaninta ya yi zazzaɓi suka zauna har damina ta wuce. Muka wuce Junaina, muka wuce Abeshe, ta gyara mini faɗarsa sau da yawa don ta ce da bakin Larabawa nake faɗa. Muna shan kwanar layinmu ta ce ga Fallomi, wadda ku yanzu kuke ce wa Njamena. Na karya sitiyari, motar ta shiga filin gidanmu da ƙafarta, na taka birki muka tsaya a Maiduguri.

Ta ce, "Kashe. Shayi ya ƙare."

Da ma'aikacin baladiyya ya dawo ya tarar mun wanke titi tas, ya leƙa filin, ya ga mahaifiyata can sama a kujerarta, ya gaishe ta da ladabi ya wuce. Abokina har yau yana gaya wa mutane cewa shi ya ceci motar. Ban taɓa musa masa ba, sai dai in tuna masa da fanka.

Alhaji yana nan. Mukan tayar da shi jefi-jefi don kada ya yi fushi, bayan mun sanar da majalisa su kawar da benci. Motar ba ta sake fita daga filin ba, kuma ba wanda ya nemi ta fita. Ni ne dai na canja lokacin tashina daga aiki. La'asar yanzu a kujerar direba take samuna, hannu ɗaya a sitiyari. Na haddace hanyar, har nakan ƙara da lalacewar taya a tsakanin Fashir da Junaina don in ji ta ce, "Ƙarya kake, Malam bai taɓa yin faci a nan ba." Kofuna sun zama uku a tire, nata, da nawa, da na mai shara.

In na tuna wahalar da na sha, da baƙin man da ya ƙi fita daga farcena har aka yi Sallah, alhali tura mota kawai aka nema, nakan yi wa kaina dariya. Amma ban taɓa yin da-na-sani ba. Da na yi abin hankali tun farko, da an tura ta cikin fili an huta, da har yau darduma ce a kujerar nan, ita kuma tana tambayar ina aka kai ba mai amsa mata.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana damuna. Kullum a Maiduguri muke tsayawa, ko a Potiskum in ta ji daɗi, sai ta ce shayi ya ƙare. Na tuna a zamanin mahaifina ma ban taɓa jin ya ambaci sun isa ba. Ran nan na cika buta har baki don kada a sami hujja, da muka wuce Potiskum na ce, "Umma, yau kam shayi bai ƙare ba. Mu ƙarasa Kano mana."

Ta daɗe tana kallon gilashi, inda ba abin da ake gani sai bangon maƙwabcinmu.

Ta ce, "Mu shiga mu gai da wa? Duk wanda na sani a Kano yana nan Makka a kwance. Juya motar, ɗan nan, mu koma gida kafin a kira magariba."

Na murɗa sitiyarin har ƙarshe, na ce mata mun kama hanyar Maiduguri.